Gabon: me ya sa talakawa suka yi guɗa ranar da gidan Bongo ya faɗi?

Da asubahin Laraba 30 ga Agusta 2023, hukumar zaɓen Gabon ta sanar cewa Ali Bongo Ondimba ya sake lashe zaɓen shugaban ƙasa da kashi 64.27 cikin ɗari. An karanta sakamakon ne jama'a na barci, intanet a katse tun ranar zaɓe, ga kuma dokar hana fitar dare. Ba a yi awa guda ba wasu hafsoshin soja suka bayyana a tashar Gabon 24, suka ce sun soke zaɓen, sun kuma rushe hukumomin ƙasa. Gari na wayewa titunan Libreville da Port-Gentil suka cika da mutane, ana kaɗa tuta, ana rungumar sojoji. Daga gidan da aka tsare shi, Ali Bongo ya aika da wani ɗan gajeren bidiyo da Turancin Ingilishi yana roƙon abokansa na duniya su ɗaga murya. Kafin a kwana biyu matasa sun mayar da kalmomin nasa kiɗan rawa.

A kwanakin da suka biyo baya gidan talabijin na gwamnati ya riƙa nuna akwatuna da jakunkuna shaƙe da damman kuɗi, sefa da yuro da dala, waɗanda sojojin suka ce an samo su a gidajen wasu na hannun daman Noureddin Bongo Valentin, ɗan shugaban da aka kifar. Ko nawa ne a ciki, hoton ya isa. Mutumin da ya kwana uku famfon unguwarsu bai ɗigo ba ya zauna yana kallon kuɗin da ba a ma kai banki ba.

Juyin mulkin Gabon ya zo ne wata guda bayan na Nijar, shi ya sa da yawa suka haɗa su a kwando ɗaya. Amma Gabon ba ta fama da 'yan bindiga ko masu iƙirarin jihadi, ba a kuma ga taron masu ɗaga tutar Rasha irin na Yamai ko Bamako ba. Abin da ya fito da mutane titi shi ne gajiya da iyali guda da ya riƙe ƙasar kusan shekara 56, da kuma tambayar da kowane ɗan tasi a Libreville zai iya yi wa fasinjansa: ina kuɗin man suke tafiya?

Ƙasa mai arziki, mutane kaɗan

A lissafin takarda, Gabon na cikin ƙasashen da suka fi kowa samu a Afirka. Mutanenta ba su kai mazauna birnin Douala ba. Tana haƙo gangar ɗanyen mai wajen 200,000 a kowace rana, a shekarar 1997 ma ta kai kusan 370,000. A Moanda akwai ɗaya daga cikin manyan ma'adinan manganis na duniya, wanda kamfanin Comilog, reshen Eramet na Faransa, ke haƙa. Daji ya rufe kusan kashi 88 cikin ɗari na ƙasar, ana fitar da katako mai tsada. In aka raba abin da ƙasar ke samarwa a shekara ga kowane ɗan ƙasa, kowa zai tashi da abin da ya haura dala 8,000, ninki fiye da goma na rabon ɗan Nijar.

Sai dai wannan rabo a takarda kawai ake yin sa. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin uku a Gabon yana cikin talauci, kuma rashin aikin yi tsakanin matasa ya doshi kashi 40 cikin ɗari. Bayan dogayen benayen bakin teku na Libreville akwai unguwannin da mutanen garin ke kira “matiti” ko “mapane”, gidajen katako da kwano a kan tudu da cikin kwari, inda ruwan sama ke shiga ɗaki amma na famfo ba ya zuwa. Daga Kinguélé zuwa unguwar masu hannu da shuni ta La Sablière tafiyar mintoci ce a mota. Port-Gentil, garin da man ke fitowa, ya yi shekaru aru-aru babu hanyar mota da ta haɗa shi da sauran ƙasar, sai jirgin sama ko na ruwa.

Dalilin farko yana cikin yanayin arzikin mai shi kansa. Gonar koko ko auduga tana buƙatar hannaye dubbai, kuma kuɗinta na bi ta hannun manomi da ɗan dako da dillali kafin gwamnati ta karɓi nata. Rijiyar mai kuwa injuna ne da ƙwararru 'yan kaɗan, kuɗin kuma daga kamfani yake tafiya kai-tsaye zuwa baitulmali. Wanda ya riƙe makullin baitulmali ya riƙe komai. Gwamnatin da ba ta dogara da harajin talaka ba, ba ta jin dole ta yi masa bayani. Shi kuma ɗan ƙasa sai ya fahimci cewa hanyar samu ita ce kusantar mai rabo, ya samu kujera a ofis ko kwangila ko ambulan.

Daga nan noma ya mutu. Da kuɗin mai suka fara shigowa da yawa bayan tashin farashi na 1973, matasa suka bar ƙauyuka, har ta kai yau kusan mutum tara cikin goma a birni suke zaune. Ƙasar da ruwan sama bai yanke mata ba ta koma sayen abinci daga waje: ayaba da tumatir da albasa daga Kamaru ta hanyar Kyé-Ossi da Bitam, kaji daskararru da shinkafa ta tashar jirgin ruwan Owendo. Duk wanda ya taɓa bin motar kaya daga arewacin Kamaru zuwa Libreville ya san yawan shingayen da ake tsayawa, kuma kowane shinge a kan farashin buhu yake ƙarewa. Sakamakon haka Libreville ta daɗe cikin jerin biranen Afirka mafi tsadar rayuwa. Mafi ƙarancin abin da doka ta ce ma'aikaci ya samu a wata shi ne sefa 150,000 tun 2010. A N'Djamena ko Maraɗi wannan kuɗi ne na a zo a gani. A Libreville hayar ɗaki da kuɗin tasi sun cinye rabinsa kafin a ɗora tukunya.

Uban ya ci ya raba, ɗan ya ƙuntata da'ira

Omar Bongo ya hau mulki a Disamban 1967 bayan rasuwar Léon Mba, yana ɗan shekara 31, ya kuma zauna har ya rasu a wani asibiti a Barcelona ranar 8 ga Yuni 2009. A 1973 ya musulunta ya bar sunan Albert-Bernard. Salon mulkinsa sananne ne: ba ya son barin abokin adawa a waje in har kujera za ta iya shigo da shi. Majalisar ministocinsa kullum a cike take, ana lura da kowane lardi da kowace ƙabila wajen rabon muƙami. Paul Mba Abessole, wanda ya fi kowa tayar masa da hankali a farkon shekarun 1990, daga baya minista ya zama a gwamnatinsa. Wanda aka naɗa kuma an san abin da ake jira daga gare shi, ya ɗebo ya kai gida, ya biya kuɗin makarantar 'ya'yan dangi, ya yi hidimar jana'iza da biki.

Wannan tsari bai gina asibiti ko hanya ba, amma ya sayi shiru. Matsalarsa ita ce da farashin mai yake numfashi. Da farashin ya faɗi a 1986, shekarar da aka kammala layin dogo na Transgabonais da ya lashe maƙudan kuɗi, rabon ya ragu, sai yajin aiki da zanga-zanga suka ɓarke. A Mayun 1990 aka tsinci gawar ɗan adawa Joseph Rendjambé a wani otal a Libreville, Port-Gentil ta kama da wuta, sai da Faransa ta turo sojoji. Mulkin jam'iyya ɗaya ya ƙare a shekarar, amma gidan Bongo bai motsa ba.

Ali Bongo ya gaji kujerar a 2009 da alƙawarin zamanantar da ƙasa da rage dogaro da mai. Ya yi wasu abubuwan da ba a musu: ya hana fitar da gungumen katako ba tare da an sarrafa shi ba, aka buɗe yankin masana'antu na Nkok, aka faɗaɗa inshorar lafiya ta CNAMGS da aka kafa a ƙarshen zamanin mahaifinsa. Amma ya ture da yawa daga cikin tsofaffin 'yan jam'iyyar PDG, ya kewaye kansa da mutane 'yan kaɗan. Waɗanda aka ture, irin su Jean Ping da Guy Nzouba-Ndama, su ne suka koma jagororin adawa. Sai faɗuwar farashin mai ta 2014 ta zo, a daidai lokacin da gwamnati ke gina filayen ƙwallo don gasar cin kofin Afirka ta 2017, bayan wadda ta karɓa tare da Gini Ikwatoriya a 2012. A Yulin 2015 aka kawo Lionel Messi ya aza harsashin filin wasa na Port-Gentil, shugaban ƙasa da kansa yana tuƙa shi a mota. Fadar shugaban ta musanta cewa an biya shi, amma a unguwannin da malaman makaranta ke yajin aiki ba a samu masu yarda da yawa ba.

Zaɓen 2016 ya ƙara hura wutar. An ce Ali Bongo ya kada Jean Ping da ƙuri'u ƙasa da 6,000, bayan da lardin Haut-Ogooué, mahaifar iyalin, ya kawo sakamakon da ke cewa kashi 99.93 cikin ɗari na masu rajista sun fito, kuma fiye da kashi 95 nasu Bongo suka zaɓa. A daren da aka sanar, masu zanga-zanga suka cinna wa ginin majalisar dokoki wuta. Bayan shanyewar ɓarin jiki da ta kama shugaban a Riyad a Oktoban 2018, magana ta koma wa ke mulki a zahiri. A Disamban 2019 aka naɗa Noureddin, yana ɗan shekara 27, mai kula da dukkan al'amuran fadar shugaban ƙasa. Shi da abokansa, waɗanda aka laƙaba wa “Young Team”, su ne mutane suka riƙa gani a matsayin masu juya ƙasar tare da mahaifiyarsa Sylvia. Da'irar masu ci ta ƙanƙance har ta bar manyan sojoji da dangin Bongo na Haut-Ogooué a waje, kuma daga cikin waɗannan ne juyin mulkin ya fito.

Gidajen Paris

Zargi a bakin kasuwa daban, takardar kotu daban. Abin da ya bambanta Gabon da ƙasashe da yawa shi ne an ƙirga wani ɓangare na dukiyar, kuma waɗanda suka ƙirga ba 'yan adawar cikin gida ba ne. Tun a 1999 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka da ya binciki bankin Citibank ya gano cewa sama da dala miliyan 130 sun ratsa ta asusun Omar Bongo na ƙashin kansa. A shari'ar kamfanin mai na Elf da aka yi a Paris a 2003, manyan jami'an kamfanin, ciki har da André Tarallo da ake kira “Monsieur Afrique”, sun bayyana yadda ake ware wani kaso daga kuɗin kowace ganga ana zubawa a asusun sirri domin shugabannin ƙasashen da ake haƙar man.

A Maris 2007 ƙungiyoyin Sherpa da Survie da wata ƙungiyar 'yan Kwango mazauna waje suka shigar da ƙara a Paris a kan dukiyar da wasu shugabannin Afirka suka tara a Faransa. Ita ce shari'ar da aka sani da “biens mal acquis”, wato dukiyar da aka samu ta haramtacciyar hanya. Binciken 'yan sandan Faransa na wannan shekarar ya lissafa gidaje 39 da asusun banki 70 na iyalin Bongo, da gidaje 24 da asusu 112 na iyalin Denis Sassou Nguesso na Kwango. Duk da haka mai gabatar da ƙara ya rufe fayil ɗin. Sai da reshen Transparency International na Faransa ya sake shigar da ƙara a Disamban 2008, aka yi ta jan ƙafa har kotun ƙoli ta ba da izinin bincike a Nuwamban 2010.

Akwai mutum ɗaya da ya kamata a tuna a wannan wuri. Grégory Ngbwa Mintsa ma'aikacin gwamnatin Gabon ne da ya sa hannu a ƙarar da sunansa, a matsayin ɗan ƙasa mai biyan haraji da aka cuta. A ƙarshen Disamban 2008 aka kama shi tare da ɗan fafutuka Marc Ona Essangui da wasu, aka tsare su kwanaki. Kotun Faransa ma ta ce ba shi da hurumin shiga ƙarar. Ya rasu a 2014 bai ga ƙarshenta ba.

Wanda shari'ar ta fara cimma shi ne Teodorin Obiang, ɗan shugaban Gini Ikwatoriya kuma mataimakinsa. A Oktoban 2017 kotun Paris ta yanke masa ɗaurin shekara uku na jeka-ka-gyara-halinka, ta kuma ƙwace kadarorinsa, ciki har da katafaren gida mai lamba 42 a titin Foch. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da tarar yuro miliyan 30 a 2020, kotun ƙoli ta rufe maganar a Yulin 2021. A Suwizalan an yi gwanjon motocinsa 25 a 2019. A ɓangaren Gabon, a 2022 alƙalin bincike ya tuhumi tara daga cikin 'ya'yan Omar Bongo da cin moriyar gidajen da aka ƙiyasta kuɗinsu ya kai yuro miliyan 85, wato sefa miliyar 55 da ɗoriya. Sun musanta cewa sun san asalin kuɗin haramun ne. An kuma tuhumi bankin BNP Paribas a 2021 kan yadda kuɗin suka bi ta hannunsa.

Wani misali ya fi sauƙin aunawa. A 2010 gwamnatin Gabon ta sayi wani tsohon gidan sarauta a Paris, Pozzo di Borgo, a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai yuro miliyan 100. A canjin sefa 655.957 kan kowane yuro, wannan ya haura miliyar 65, daidai da albashin shekara guda cur na ma'aikata sama da 36,000 masu karɓar 150,000 a wata. Gwamnati ta ce an saya ne don rage kuɗin otal na jami'anta masu zuwa Paris.

Wannan ɓangare na labarin ya nuna cewa ɓera ba ya sata sai da rami. Kowane gida da aka saya, akwai lauya da notaire da banki na Faransa da suka sa hannu. Faransa ta yi doka a ranar 4 ga Agusta 2021 da ta ce kuɗin da aka samu daga sayar da irin waɗannan kadarori za a mayar wa al'ummar da aka sata ta hanyar ayyukan raya ƙasa, maimakon su shige baitulmalin Faransa kamar da. Wahalar ita ce wa za a danƙa wa, in har iyalin da aka ƙwace wa dukiyar su ne ke mulki, kamar yadda yake a Malabo.

Hassada ce?

Masu mulki a ko'ina suna da amsa guda ga irin wannan fushi: hassada ce. Amma a kasuwar Mont-Bouët, kamar a kowace kasuwa, an san bambancin attajirin da aka ga tasowarsa daga tebur zuwa shago zuwa sito, da wanda aka naɗa darakta a watan Janairu ya fara ginin bene a watan Yuni. Na farkon ana iya yi masa gunaguni kan tsadar kaya, ana kuma zuwa wurinsa neman bashi. Na biyun kuwa kowa ya san kuɗin da ya gina benen su ne ba a sayi maganin asibiti da su ba, kuma in an je asibitin sai an sayi safar hannu da allura daga aljihu, alhali shi mai benen jirgi yake hawa in kansa ya yi ciwo. Omar Bongo a Sifaniya ya rasu, Ali Bongo a Maroko ya yi jinya.

Abin da ya ƙara dagula zukata shi ne yadda yaƙi da cin hanci ya zama sandar dukan wanda aka ɓata da shi. An yi farmakin “Mamba” a 2017, aka ɗaure tsofaffin ministoci. An yi “Scorpion” a 2019, aka ɗaure Brice Laccruche Alihanga, wanda watanni kaɗan kafin nan shi ne shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa da ba a iya ja da shi. A 2019 ɗin dai kwantena 353 na katakon kevazingo da aka haramta sarewa suka yi ɓatan dabo a tashar Owendo bayan kwastan sun kama su, abin da ya ci kujerar mataimakin shugaban ƙasa da ministan gandun daji. Masu karatu a Kamaru za su tuna da farmakin “Épervier” da ya cika kurkukun Kondengui da tsofaffin ministoci tun 2006 ba tare da farashin komai ya sauka ba. Su ma 'yan adawa ba su fita ba: a Satumban 2022 aka kama Guy Nzouba-Ndama, wanda ya shugabanci majalisar dokoki kusan shekara ashirin kafin ya koma adawa, yana dawowa daga Kwango da kusan sefa miliyar 1.2 a cikin akwatuna. Talakan da ya ga wannan sai ya yanke cewa duk kanwar ja ce.

Shi kansa Janar Brice Clotaire Oligui Nguema daga cikin gidan ya fito. Ya yi dogarin Omar Bongo har rasuwarsa, kuma shi ne kwamandan rundunar tsaron fadar Ali Bongo a ranar da ya kifar da shi. A 2020 ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta OCCRP ta ruwaito cewa ya sayi gidaje uku a jihar Maryland ta Amurka da tsabar kuɗi sama da dala miliyan ɗaya. Wannan bai hana shi samun karɓuwa ba. Ya maido da tallafin karatu na 'yan sakandare, ya tayar da ayyukan tituna, gwamnati ta sayi kamfanin mai na Assala a 2024, kuma sabon tsarin mulkin da aka amince da shi a Nuwamban 2024 ya hana ɗa ko matar shugaban ƙasa su gaje shi. A zaɓen 12 ga Afrilu 2025 ya samu sama da kashi 90 cikin ɗari. A watan Mayu aka bar Ali Bongo da matarsa da ɗansa suka fice zuwa Angola, a Nuwamba kuma wata kotu a Libreville ta yanke wa Sylvia da Noureddin ɗaurin shekara 20 ba sa nan. Su biyun sun ce shari'ar wasan kwaikwayo ce, sun kuma yi zargin an azabtar da su a tsare. A gefe guda bashin da ke kan ƙasar ya haura kashi 70 cikin ɗari na abin da take samarwa, iyakar da ƙungiyar CEMAC ta gindaya, kuma ɗauke wuta da ƙarancin ruwa ba su bar Libreville ba.

Inda fushin ke sauka

Ga Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma da ke neman abinci a Gabon, wannan labari bai tsaya a fada ba. Hausawa sun fi shekara ɗari a lardin Woleu-Ntem, a Bitam da Oyem da Minvoul, jikokinsu 'yan Gabon ne da ba su san wata ƙasa ba. Bayansu kuma akwai waɗanda suka zo daga baya, daga Nijar da Najeriya da Kamaru da Cadi, tare da 'yan Mali da Senegal da Benin. Da yake ɗan ƙasa ofis ya sa a gaba tun zamanin da mai ke tsada, baƙi ne suka cike gurbin shagon unguwa da tasi da gini da sayar da nama da gyaran waya. Saboda haka in farashi ya tashi, fuskar da talaka ke gani ita ce ta mai shago. Minista yana bayan gilashi mai duhu, mai shago kuwa yana bakin layi da littafin bashi a hannu.

Tarihi ya nuna yadda hakan ke ƙarewa. A 1978, bayan saɓani tsakanin Omar Bongo da Mathieu Kérékou, aka far wa 'yan Benin aka kori kusan 10,000. A 1981 rikicin wasan ƙwallo ya jawo aka kai wa 'yan Kamaru hari, aka kwashe dubbai zuwa gida. A farkon 1995, shekara guda bayan karya darajar sefa, aka ba marasa takardar zama wa'adi, mutane wajen 55,000 suka fice. A zamanin Ali Bongo 'yan adawa sun laƙaba wa na kusa da shi suna “légion étrangère”, rundunar baƙi, saboda Maixent Accrombessi, shugaban ma'aikatan fadarsa, haifaffen Benin ne. Kalmar an ƙirƙire ta ne don mutane 'yan ƙalilan da ke fada, amma wanda ya ji ta a rediyo bai san gidan Accrombessi ba, ya san shagon da ke kusa da shi.

A taron ƙasa na Afrilun 2024 maganar fifita ɗan ƙasa ta mamaye shawarwari da yawa. A watan Agustan 2025 majalisar ministoci ta sanar da hana baƙi wasu ƙananan sana'o'i, daga ciki har da ƙananan kasuwancin unguwa, da aika kuɗi ba da lasisi ba, da gyaran waya, da aski da kitso na bakin titi, da haƙar zinariya ta gargajiya ba da izini ba. Gwamnati ta ce manufarta ita ce tsara kasuwancin da ba ya cikin rajista da buɗa wa matasan ƙasar hanya, ta kuma ce za a bi abin sannu a hankali. Babu wanda zai ce matashin Kinguélé ba ya buƙatar aiki. Amma ribar mai gyaran waya ta shekara ba ta kai kuɗin tayar ɗaya daga cikin motocin da aka yi gwanjonsu a Suwizalan ba, kuma jerin sana'o'in bai taɓa rijiyar mai ko ramin manganis ba.

Matsayin mutanen da abin ya shafa ma ba ɗaya ba ne. Ɗan Kamaru ko ɗan Cadi yana da yarjejeniyar zirga-zirga ta CEMAC da Gabon ta amince da ita a 2017, kodayake ta ba shi damar shiga ne ba tare da biza ba na ɗan lokaci, ba ta ba shi izinin zama ko buɗe shago ba. Ɗan Nijar da ɗan Najeriya ba su cikin wannan yarjejeniya, katin zama ne kawai madogararsu. Bahaushen Bitam kuwa ɗan ƙasa ne, dokar ba ta hau kansa ba, sai dai a shingen hanya sunansa da hularsa ake fara gani kafin a buɗe takardarsa.